Amfilifayar dala ɗari ko ta dala dubu goma: wacce ta cancanci kuɗinka?

A shekarar 1999 wani ƙaramin kamfani na Japan mai suna 47 Laboratory ya fito da wata amfilifaya, wato na'urar ƙara wa sauti ƙarfi, da ya raɗa wa suna Gaincard. Girmanta bai fi na ɗan littafi ba, ƙarfinta wat 25 a kowane ɓangare, hagu da dama, amma ita da akwatin da ke ba ta wuta ana sayar da su a kan dala 3,300. Masu sauraron kiɗa suka yaba sautinta sosai. Da masu ƙwaƙwaf suka kwance ta, sai suka tarar duk aikin wani guntun ayisi (IC, ɗan ƙaramin ƙwanƙwalati mai tarin kayan lantarki a ciki) ne ke yin sa, LM3875 na kamfanin National Semiconductor, wanda kuɗinsa bai wuce 'yan daloli ba, sai wasu 'yan tarkace guda tara kacal a kowane ɓangare. Wasu suka ce an yi musu sakiyar da ba ruwa. Wasu kuma suka ce, to, in haka ne ai mu ma za mu iya, suka sayi ayisin suka shiga haɗa tasu a gida, har aka sa wa irin waɗannan suna Gainclone. Daga nan gardamar da ake yi har yau ta samo asali: idan ayisin da ake saye da kuɗin cefane zai iya fitar da sauti mai kyau haka, me mutum yake saye in ya biya dala dubu goma?

Na daɗe ina bibiyar wannan batu, na kuma zauna da iri biyun, kuma ina ganin amsar ba ta da wuya kamar yadda ake nuna ta, muddin aka fara da sanin aikin amfilifaya. Aikinta ɗaya ne. Ta karɓi raunannen sauti daga waya ko kwamfuta ko na'urar faifai, ta ƙara masa ƙarfi har ya iya motsa sifika, ba tare da ta ƙara wani abu nata ko ta rage ba. Duk wadda ta yi wannan ta gama aikinta. Sauran magana duk a kan iyakar ƙarfinta ne, da irin sifikar da za ta iya ja, da kuma shekarun da za ta yi tana yi.

Amfilifayar ayisi gida biyu ce. Akwai tsohon gida, wanda ake kira ajin AB. A nan ake samun LM3886, wanda takardar kamfaninsa ta nuna yana ba da wat 68 ga sifika mai om 4 (om shi ne ma'aunin yadda sifika ke turje wa wuta), ko wat 50 ga mai om 8 idan wutar ta kai bolt 35 a kowane gefe. Akwai TDA7294 na STMicroelectronics, akwai kuma ƙanensu TDA2030 da duk mai gyaran rediyo ya sani, domin shi ne cike da cikin ƙananan kayan sautin falo. Waɗannan suna buƙatar taransifoma mai nauyi da faffaɗan alminiyon da zai shanye zafi, don kaso mai yawa na wutar da suke sha zafi yake komawa. Kada a raina su. Kamfanin Jeff Rowland na Amurka, wanda kayansa ba na talaka ba ne, ya taɓa jera LM3886 da yawa a cikin amfilifayarsa mai suna Concentra.

Gida na biyu shi ne ajin D, kuma shi ne ya cika kasuwa yanzu. Shi wannan ba ya barin wuta ta riƙa kwarara a hankali. Kunnawa da kashewa yake yi sau dubu ɗaruruwa a cikin daƙiƙa ɗaya, sai a sa matata a bakin fita ta tace wannan saurin ta bar sautin zalla. Saboda haka wajen kashi 90 cikin ɗari na wutar da ya sha sifika yake kai wa, zafinsa kaɗan, jikinsa ƙarami. Wanda ya fara jawo hankalin masu kunne shi ne ayisin TA2024 na kamfanin Tripath, a cikin wata 'yar robar amfilifaya mai suna Sonic Impact T-Amp da ake sayarwa wajen dala 30. Tripath ya karye a 2007, amma ƙofar da ya buɗe ba ta sake rufuwa ba. Yau Texas Instruments ne ke riƙe da filin, da TPA3116 na ƙananan alluna, da kuma TPA3255 wanda ke cikin irin su Aiyima A07 da Fosi Audio V3, masu kuɗin da ke kai-komo a wajen dala ɗari.

A ɗaya gefen kuma ga manya. McIntosh, wanda aka kafa a 1949 kuma yake ƙera kayansa a garin Binghamton na jihar New York, mai shuɗin mita a fuska. Accuphase na Yokohama, tun 1972. Pass Labs na Nelson Pass a Kalifoniya. Ɗauki McIntosh MC462 a misali: wat 450 a kowane ɓangare, ko sifikar mai om 2 ce ko 4 ko 8, nauyinta kuma kilo 52, wato ta fi buhun siminti. Wannan nauyi ba na ado kawai ba ne. Tagulla ce da ƙarfe a cikin taransifoma, da manyan kafasita masu ajiye wuta, da jerin taransista masu raba aiki a tsakaninsu yadda babu wanda zai gaji. Kuɗin irin waɗannan daga dala dubu biyar yake tashi har abin da ya fi ƙarfin lissafin mai albashi.

To, sautin fa? Nan ne nake so in ɗan daɗe, domin nan aka fi yaudarar mai saye.

A watan Janairun 1987 mujallar Stereo Review ta Amurka ta buga sakamakon wani gwaji da injiniya David Clark ya shirya. An tara amfilifayoyi tun daga wata Pioneer ta wajen dala 220 har zuwa Futterman mai bawul, wato tsohuwar ƙira mai kwalaben gilashi, ta dala 12,000, aka daidaita ƙarfin muryarsu, aka hana masu sauraro sanin wacce ke aiki. Sakamakon bai fi na wanda ya yi canki-canka ba. Shekara biyu kafin wannan, a 1985, Bob Carver ya ƙalubalanci editocin mujallar Stereophile cewa zai iya gyara amfilifayarsa ta dala 700 ta yi sauti iri ɗaya da duk wadda suka zaɓa. Suka zaɓi wata mai bawul ta kamfanin Conrad-Johnson da ta ninka tasa tsada sau da yawa. Cikin 'yan kwanaki ya yi gyare-gyarensa, editocin suka saurara suka kasa rarrabewa, suka kuma rubuta hakan da hannunsu. An yi ta sukar waɗannan gwaje-gwaje, wasu na cewa zaman gwaji yana takura kunne, kuma ban ce sukar ba ta da tushe ko kaɗan ba. Amma abin da ta bari a tsaye yana da nauyi: idan amfilifaya biyu masu lafiya suna aiki cikin iyakar ƙarfinsu, an kuma daidaita muryarsu, bambancin da ke tsakaninsu ƙanƙane ne ƙwarai, nesa da abin da tazarar kuɗinsu ke nunawa.

Na ga wannan da idona a falon wani abokina da ke da tsohuwar babbar amfilifaya da yake ji da ita. Na je masa da 'yar ƙaramata mai TPA3255 a cikin jakar kwamfuta. Da farko muka saurara ido buɗe, kuma mu duka muka yarda tasa ta fi cika ɗaki, ganga ta fi nauyi, murya ta fi kusa. Sai na ɗauko mitar masu gyara, muka saki sauti guda mai tsayi ba hawa ba sauka, na auna bolt a bayan sifika. Ashe tasa ta ɗan fi tawa ƙarfin murya, ɗan kaɗan ne, wanda kunne ba ya jin sa a matsayin ƙara, sai dai ya ji shi a matsayin daɗi. Muka daidaita su, muka rufa wa teburin zani, ƙanensa ya riƙa sauya wayoyi mu kuma muna ba shi baya. Muka sa kiɗan kalangu da muka sani ciki da bai, muka sa karatu, muka sa kiɗan Turawa mai kayan busa da yawa. Abokina ya yi shiru can, ya ce, "Wallahi malam, sai dai in yi ƙarya." Bahaushe ya ce gani ya kori ji, kuma a harkar sauti maganar tana nan yadda take: ido yana ganin ƙarfe mai sheƙi da shuɗin mita, sai ya gaya wa kunne abin da zai ji. Amma da dare ya yi muka ɗaga murya sosai, labari ya sauya. Tawa ta fara ƙanƙancewa, bugun ganga ya daina fita sarai, tasa kuwa ko a jikinta. Abin da kuɗinsa ya saya ke nan, kuma abu ne na gaske.

Wannan ya kawo mu ga maganar wat, inda masu araha suka fi tafka ƙarya. Za ka ga an rubuta wat 300 sau biyu a jikin kwali. Lambar ba daga sama aka ɗauko ta ba: takardar TPA3255 ta nuna wat 315 a kowane ɓangare, amma ga sifika mai om 4, da wutar da ta haura bolt 50, kuma a lokacin da kashi 10 cikin ɗari na sautin ya riga ya gurɓace, matakin da ba mai iya zama ya saurara. A cikin kwalin kuma sai ka tarar da akwatin wuta na bolt 32 da amfiya 5. Ninka su, wat 160 ke nan gaba ɗaya, na ɓangarorin biyu. Daga ina 600 za ta fito? Lissafin mai sauƙi ne, kuma ya kamata duk mai saye ya iya shi: raba bolt ɗin da 1.4, ninka abin da ka samu da kansa, ka raba da om na sifikarka. Bolt 12 zai ba ka wajen wat 9 a sifika mai om 8. Cajar kwamfuta mai bolt 19, wajen wat 22. Bolt 24, wat 36. Bolt 32, wat 64. Bolt 48, wat 144. Wannan shi ne ƙololuwa a takarda, a aikace sai ka ɗan rage. Ke nan rabin amfilifayar ayisi yana cikin akwatin wutarta, kuma wanda ya sayi allo mai kyau ya haɗa shi da tsohuwar caja ya ɗaure wa doki ƙafa ne. Manyan kamfanoni, a nasu ɓangaren, akan same su da gaskiya a nan. Abin da suka rubuta shi ake samu a awo, sau da yawa ma har da ƙari.

Sai dai wat nawa kake buƙata? Yawancin sifikun gida suna ba da wajen desibel 87, ma'aunin ƙarfin murya ke nan, daga wat ɗaya tak idan kana nesa da mita ɗaya, kuma wannan murya ce da za ta hana hira. Ninka wat sau biyu desibel 3 kawai yake ƙarawa, sai ka ninka sau goma kafin kunne ya ce murya ta ninku. Saurare na yau da kullum a falo wat ɗaya ne zuwa biyu. Abin da ke cin ƙarfi shi ne bugun da ke zuwa farat ɗaya, wanda zai iya neman ninki talatin na wancan na ɗan ƙiftawar ido. Saboda haka wat 50 zuwa 60 na gaskiya sun wadatar da matsakaicin falo da sifika mai sauƙin ja. Ƙaramar amfilifayar da aka matsa mata fiye da ƙarfinta ma ta fi babba haɗari, domin idan sautin ya fara tsagewa, 'yar ƙaramar sifikar nan mai fitar da siririn sauti ita ke fara ƙonewa.

Akwai sifikun da linzaminsu ya fi ƙarfin bakin ƙananan nan. Lambar om da aka rubuta a bayan sifika matsakaici ce kawai, tana hawa tana sauka gwargwadon kaurin sauti. Wasu manyan sifiku na Bowers & Wilkins sukan sauka har wajen om 3 a daidai inda kiɗa ya fi nauyi. Faffaɗan sifikun Magnepan suna shan wuta kamar raƙumi ya samu ruwa. Tsohuwar Apogee Scintilla har om 1 take kaiwa, kuma irinta ce ta ɗaga sunan Krell a shekarun 1980. Mai irin waɗannan ba shi da zaɓi, babba zai saya. Akwai kuma wani aibu na ajin D mai araha da ba a cika faɗa ba: matatar nan ta bakin fita an auna ta ne da wata takamaimiyar lambar om, don haka siririn sauti yakan ɗan ƙaru ko ya ɗan ragu gwargwadon sifikar da aka haɗa. Wannan bambanci ne da ake iya aunawa, wani lokaci a ji shi. Sababbin ƙira sun magance shi da dabarar da ake rubuta wa PFFB a jikin talla, wato amfilifayar ta riƙa duba sautin bayan ya fita daga matatar tana gyara shi, kuma ni dai ba zan ƙara sayen wadda ba ta da ita ba.

Araha ba ta ado, kuma inda ta fi nuna halinta shi ne daɗewa. Na taɓa sayen wani allo maras suna, ya yi mini wata bakwai lafiya lau, ran nan na kunna sai gunji. Na kai wa mai gyara, ya buɗe ya nuna mini kafasita biyu sun kumbura kamar gurasa, an rubuta musu bolt 25 alhali wutar da ke bi ta kansu 24 ce, ba wani sarari. Ya kankare farin man da ke kan ayisin, ya duba rubutun, ya girgiza kai ya ce, "Alhaji, wannan ba na kamfani ba ne." Jabun ayisi sun yi yawa, musamman LM3886 da dangin TDA da ake sayarwa a warwatse. Ayisin kirki ba ya cika mutuwa haka kawai. Abin da ke kewaye da shi ne ke kashe shi: maɓallin murya mai ƙaiƙayi, dalma maras kyau, akwatin da ba ya fitar da zafi. Babbar amfilifaya kuwa ana yin ta ne don ta yi shekara talatin ko arba'in. McIntosh MC275 da aka fara ƙerawa a 1961 har yau tana aiki a gidajen mutane, ana gyara ta, ana sayar da ita da daraja. 'Yar ƙaramar, ranar da ta mutu, yawanci sai dai a sayi wata. Ga kuma sauƙin amfani: da yawa daga cikin ƙananan ƙofar shiga ɗaya gare su da maɓalli ɗaya, babu rimot, babu wurin na'urar faifan garmaho, babu kariyar da za ta yanke sifika idan wani abu ya lalace a ciki.

Amma mai zaune a Kano ko Maraɗi ko Zariya yana da lissafin da mai zaune a Landan ba ya yi, kuma lissafin nan ƙananan yake goyon baya. Pass Labs XA25 wat 25 take bayarwa a kowane ɓangare, amma da yake 'yar ajin A ce, wat 240 take sha daga bango ko ana kiɗa ko ba a yi, kusan duka kuma zafi yake komawa. Ka kunna ta awa biyar, ta cinye rabin batirin sola mai amfiya 200, wato duk abin da ya kamata a taɓa a cikinsa. Ka kuma tuna watan Afrilu, ɗaki ya haura digiri 40, ga murhu ka ajiye a kusurwa. 'Yar ajin D kuwa in tana zaune 'yan wat kaɗan take sha, wasu ma kai tsaye za ka jona su da batir ba sai an bi ta inbata ba. A kula dai: TPA3116 iyakarsa bolt 26, batiran da aka haɗa su ba da 24 kuwa sukan haura 28 lokacin caji, don haka kada a jona kai tsaye. Kada kuma a haɗa baƙaƙen wayoyin sifika na hagu da dama wuri ɗaya, domin a irin wannan ƙira kowace waya tana ɗauke da wuta. Sannan ga wutar da ke hawa da sauka yadda ta ga dama, ga janareta, ga ƙurar hunturu da ke shiga ta kowace kafa. Idan wuta ta ƙona ta dala ɗari, za ka yi tsaki ka sayi wata. Idan ta ƙona ta dala dubu goma, wa zai gyara, ina za a samu kayan, nawa ne kuɗin jirgin kilo 52 zuwa da dawowa? Wanda zai sayo babba daga Amurka ma ya duba bayanta da kyau, don tasu wutar bolt 120 ce, tamu 230.

Tsakanin biyun akwai hanya. Injiniya Bruno Putzeys ɗan Beljiyam ya ƙera ajin D na kamfanin Hypex, daga baya na kamfanin Purifi, waɗanda ba ayisi guda ba ne, kuma a awo sun doke da yawa daga cikin manyan da suka ninka su tsada. Kamfanin NAD yana sa su a kayansa, ƙananan kamfanoni kuma suna sayar da su daga 'yan ɗaruruwan daloli zuwa dubu da wani abu. Akwai kuma tsofaffin Yamaha da Denon da Marantz na hannu, waɗanda kowane ƙwararren mai gyara zai iya buɗewa ya gane.

In aka tambaye ni, ga abin da zan ce. Mai tebur da kwamfuta, ko ɗaki ɗaya, ko shago, TPA3116 da wutar bolt 24 ta gari ta ishe shi. Mai falo da sifikun kirki masu om 6 ko 8 ya nemi TPA3255 daga kamfanin da ke da suna, mai PFFB, da akwatin wuta na bolt 48, duk abin da ya rage a aljihunsa kuma ya zuba shi a sifika, domin sauya sifika ko ma matsar da ita taku biyu daga bango yana canza sauti fiye da duk wani sauyin amfilifaya da na taɓa ji. Mai son aikin hannu ya haɗa LM3886, amma ya sayi ayisin daga dillalin da kamfani ya amince da shi. Masallaci da filin taro ba sa cikin wannan magana, nasu kayan daban ne. Babba kuwa ta dace da mai sifika mai wuyar ja, ko babban zaure, ko wanda ke son abin da zai bar wa 'ya'yansa, yana da tsayayyiyar wuta da na'urar sanyaya ɗaki, ya kuma san mai gyara. Wanda ke son ta don kyanta da ƙirarta ma bai yi laifi ba, haka ake sayen agogo da doki.

Kafin ka biya, ko wacce ce, ka roƙi mai kayan ya bar ka ka gwada ta da sifikarka. Ka je da mita da zani da wani wanda zai sauya maka wayoyi, ka daidaita bolt ɗin biyun, ka saurara a muryar da ka saba, sannan ka ɗaga ta zuwa inda kake kaiwa ranar da gida ya cika da baƙi.